Makulli na biyu a wayarka: saƙon SMS, Google Authenticator ko lambar sirrin WhatsApp, wanne ya dace da Damagaram?

Wanda ya zauna rumfar masu gyaran waya a Kasuwar Dole ko da na rabin wuni ne zai ga masu kuka iri biyu. Akwai wanda aka ƙwace wa WhatsApp ko Facebook, wani yana can yana roƙon danginsa kuɗi da sunansa. Akwai kuma wanda babu ɓarawon da ya taɓa shi: shi ya ƙara wa asusunsa makulli, waya ta faɗa ruwa ko layi ya mutu, yanzu ya tsaya a waje, ƙofar da ya kulle da hannunsa ta ƙi buɗuwa. Duk su biyun abu ɗaya suke magana a kai, wato tabbatarwa mai mataki biyu, wadda wayoyinmu masu Faransanci suke rubutawa Vérification en deux étapes ko Authentification à deux facteurs. Mu dai makulli na biyu za mu kira ta.

Yadda take aiki ba shi da wuya. Kalmar sirri abu ne da ka sani, kuma abin da ka sani wani ma yana iya saninsa, musamman idan lambar wayarka ce ko shekarar haihuwarka, ko kuma yaron da ya buɗe maka Gmail ranar da ka sayi waya ne ya zaɓa maka ita. Makulli na biyu yana neman abin da ke hannunka: layinka, ko wayarka, ko wani ɗan ƙarfe da ake sakawa a jikinta. Hanyoyin da Google da Facebook da WhatsApp suke bayarwa kyauta ne, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma wahalar da kowace take jawo wa mai ita daban ce.

Lambar da ake turowa ta SMS ita ce kowa ya sani. Kana sa kalmar sirri, saƙo ya shigo da lamba shida, ka kwafa ka shiga. Ba ta buƙatar manhaja, ba ta buƙatar mega, ko ƙaramar Itel mai maɓalli tana karɓarta. Kada a raina ta. A 2019 Google, tare da masu bincike na Jami'ar New York da ta Kalifoniya a San Diego, ya fitar da sakamakon da ya nuna lambar SMS ta tare kashi 100 na harin na'urorin da ke gwada kalmomin sirri da kansu, kashi 96 na damfarar da ake watsa wa kowa da kowa, sai kashi 76 na harin da aka nufi mutum guda da shi. Wanda ba shi da komai, wannan ta fi babu nesa ba kusa ba.

Sai dai duk ƙarfinta yana rataye ne a kan layi, kuma layi a nan abu ne mai rauni. Idan babu rezo babu lamba. Ɗan kasuwar da ya bi ta Matamaye ya ƙetare Ɗan Barto zuwa Kano da layinsa na +227 zai iya zama ya jira saƙon da ba zai zo ba, ko ya zo bayan wa'adinsa ya wuce. Wanda ya je ƙauye bayan Tanut ko Gure haka. A danna "sake turowa" sau da yawa kuma, shafin ya ɗauka wani ne ke gwada sa'a, ya dakatar da turowar na wasu sa'o'i.

Wannan ƙaramar matsala ce idan aka kwatanta da maganar sunan da ke kan layin. Layuka da yawa a gari an yi musu rajista da katin shaidar wani: na ƙane, na maƙwabci, na mai sayar da layin. Muddin sim yana cikin waya lafiya lau. Ranar da ya ɓata ko ya ƙone, ka je ofishin Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms a sake maka, abin da za a nema shi ne shaidar wanda sunansa ke rajista. Idan mutumin yana Agadas ko Libiya, ko ya riga mu gidan gaskiya, to duk asusun da ka ɗaura a kan lambar nan ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Haka kuma layin da aka daɗe ba a sa masa kredi ba, ba a kira da shi ba, kamfani yana karɓe shi ya sake sayarwa. Sabon mai lambar shi zai riƙa samun saƙonnin Facebook ɗinka, kuma idan ya danna cewa ya manta kalmar sirri, shafin zai ɗauka kai ne. Masu layi uku da huɗu, ana sauya su bisa ga wanda ya fi arhar forfe a wannan mako, su ne wannan ta fi kamawa, domin sau da yawa ba sa ma tuna da wace lamba suka buɗe asusun.

Akwai kuma satar layi da gangan, inda ɗan damfara yake yaudarar ma'aikacin kamfani ya mayar da lambar wani kan sabon sim. Ba ƙananan mutane kaɗai take ci ba: a watan Agusta 2019 da wannan dabarar aka shiga asusun Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, a kan shafin da shi yake shugabanta. Amma a Zinder ɓarawo ba ya buƙatar wannan wahala. Waya ce ake bari wajen mai caji idan kuran ya ɗauke, saƙo ya shigo, lambar ta fito ƙarara a kan allo ko da wayar a kulle take. Ko a zare sim a sa a wata waya na minti biyu a mayar. Maganin biyun nan yana cikin saitin waya: a ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa a allon kulle, sannan a kunna lambar PIN ta sim, a canza ta daga wadda kamfani ya sa. A kula dai, kuskure uku yana kulle sim sai da PUK mai lamba takwas, wadda take rubuce a jikin babban katin da aka ɓalle sim daga ciki, kuskure goma a PUK kuma ya kashe shi har abada. Wanda ya jefar da katin nan tun ranar saye, ya san da haka kafin ya fara.

Manhajar Google Authenticator, wadda ta fito tun 2010, ita ce ta warware maganar rezo, kuma a ganinmu ita ce ta fi dacewa da wanda ke da Android, ko da ƙaramar Tecno ce. Ba ta da nauyi, ba ta da talla. Idan za ka kunna ta, shafin yana nuna maka hoton QR, wato ɗan murabba'in nan mai ɗige-ɗige da kyamarar waya take karantawa, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani dogon jerin haruffa da lambobi. Wannan jerin shi ne ainihin mabuɗin. Manhajar tana ajiye shi, ta haɗa shi da lokacin da agogo ya nuna, ta fitar da lamba shida da ke canzawa duk daƙiƙa 30. Shafin ma yana da kwafin mabuɗin, yana yin lissafi iri ɗaya, idan sun dace ya buɗe. Babu abin da ke tafiya ta iska, shi ya sa take aiki babu sim, babu intanet, a tsakiyar daji ko a kasuwar Kantin Kwari. Tsarin ba mallakar Google ba ne, ƙa'ida ce a buɗe da aka wallafa a 2011 da sunan TOTP, saboda haka Microsoft Authenticator da Aegis da 2FAS duk lamba ɗaya za su ba ka daga mabuɗi ɗaya.

A Facebook hanyar ita ce Paramètres, sai Espace Comptes, sai Mot de passe et sécurité, sai Authentification à deux facteurs, ka zaɓi manhajar tabbatarwa. A Gmail kuma ka shiga sarrafa asusun Google, ɓangaren Sécurité, sai Validation en deux étapes. Tunda mafi yawanmu waya ɗaya ce, ba za ta iya ɗaukar hoton QR da ke kan allonta ba. Sai ka kwafi jerin haruffan, ka buɗe Authenticator, ka danna alamar ƙari, ka zaɓi shigar da mabuɗi da hannu. Kafin ka wuce wannan allon, ɗauki biro ka rubuta jerin a takarda, harafi bayan harafi. Da shi za ka iya tayar da lambobinka a kowace sabuwar waya, kuma ba za a sake nuna maka shi ba.

Ƙorafin da aka fi kawowa a kanta shi ne lamba daidai amma shafi ya ce ba daidai ba. Kusan kullum agogo ne. Shafuka kan yi haƙuri da ɗan bambanci na daƙiƙa talatin gaba ko baya, amma wayar da aka saita da hannu ta yi gaba da minti biyu ko uku, duk lambar da ta bayar matacciya ce. Akwai wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Wayar da aka sayo na hannu daga waje takan zo da yankin lokaci na wata ƙasa, mai ita ya gyara awa da hannu har ta dace da kiran sallar Azahar, a ido komai daidai. Amma manhajar ba awar da ke kan allo take dubawa ba, lokacin duniya take lissafi da shi, kuma a wannan lissafin wayar ta kauce da awa guda ko fiye. A shiga Date et heure, a kunna lokaci na kai-tsaye, a tabbatar yankin na Yamai ne ko Legas, wato GMT+1. Nan take lambobin suke komawa aiki.

Babban aibinta shi ne ranar da waya ta tafi. A Damagaram waya ba ta daɗewa a hannu ɗaya: ana musaya, ana sayarwa idan buƙata ta taso, allo ya fashe, ko ta riƙa tsayawa mai gyara ya ce sai an yi mata filashin. Filashin yana share mabuɗan gaba ɗaya. Shekaru da yawa wannan na nufin asara kai tsaye, sai a watan Afrilu 2023 Google ya ƙara damar ajiye lambobin a cikin asusun Google, ana gane ta da ɗan hoton gajimare a saman allo. Sauƙi ne na gaske: ka sa Gmail ɗinka a sabuwar waya, lambobin su dawo. Amma a duba tarkon da ke ciki. Idan lambar shiga Gmail ɗin kanta tana cikin Authenticator, Authenticator kuma tana ajiye a cikin Gmail, ka kulle ɗaki ne ka bar mabuɗi a ciki. Sannan duk wanda ya samu shiga Gmail ɗin ya kwashi lambobin sauran asusunka a tafi ɗaya. Masu binciken tsaro ma sun nuna, a lokacin da aka fito da tsarin, cewa ajiyar ba a rufe take ta yadda Google kansa ba zai iya gani ba. Ga mai shago ko ɗalibin Jami'ar André Salifou, muna ganin kunna ajiyar ya fi barinta, domin faɗuwar waya ta fi kusa da shi fiye da ƙwararren ɗan kutse. Ɗan jarida, ko mai riƙe da shafin ƙungiya ko na gidan rediyo, gara ya ɗauki Aegis, wadda take fitar da ajiya a fayil mai kalmar sirri, ya sa a katin memori ya ɓoye.

Idan canjin waya da shiri ne, abin minti biyu ne: a tsohuwar ka buɗe Authenticator ka shiga ɓangaren Transférer, ka fitar, ta nuna QR, sabuwar ta ɗauka. A yi wannan kafin a miƙa wa mai saye, ba bayan an karɓi kuɗi an rabu ba.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa, shi ne lambobin ko-ta-kwana. Google yana ba da guda 10, kowace mai lamba takwas, da sunan Codes de secours. Facebook ma yana ba da 10, Codes de récupération. Kowace sau ɗaya take aiki, kuma tana maye gurbin SMS ko Authenticator. Mutane suna ɗaukar hoton allo su bar shi a cikin wayar da ake tsoron ɓatanta, wanda daidai yake da rashin ajiyewa. A rubuta a takarda, a sa inda ake ajiye takardar haihuwa da ta fili, a leda saboda damina da gara. Kada a rubuta kalmar sirri a takarda ɗaya da su. Wanda bai shirya yin wannan ba, gaskiya gara ya tsaya a kan SMS, domin Facebook da Google ba su da ofishi a Zinder ko a Yamai da za ka je ka yi bayani. Fom ne a intanet, wani lokaci a nemi hoton katin shaida, kuma idan sunan da ke asusun laƙabi ne irin "Ɗan Birni" ko "Gimbiyar Zango", katin ba zai dace da shi ba.

WhatsApp nasa tsarin daban ne, kuma da za a ce mutum ya zaɓi abu ɗaya tak ya yi yau, wannan ne. WhatsApp ba shi da kalmar sirri tun asali. Lambar SMS ɗin nan shida ita ce komai. Shi ya sa damfarar da ta fi yawo take da sauƙi: saƙo ya zo daga wani da ka sani, wanda shi ma an riga an ƙwace nasa, "Salamu alaikum Alhaji, na yi kuskure na tura wata lamba a wayarka, don Allah turo mini." Ko a kira a ce za a sa ka cikin rukunin tallafi ko taron ƙungiya, sai ka faɗi lambar da ta shigo. Kana faɗa, asusunka ya koma wayarsa. Wata dabarar kuma a sa ka danna wasu lambobi masu farawa da **21* ko **67* sai wata lambar waya. Wannan karkatar da kira ne, daga nan sai ya nemi WhatsApp ya faɗi lambar ta kiran murya, kiran ya tafi wajensa. Danna ##002# yana soke duk wata karkatarwa a kan layi.

Makullin da WhatsApp ya kawo a 2017 lamba shida ce da kai za ka zaɓa, ta hanyar Paramètres, Compte, Vérification en deux étapes. Duk mai son ɗora lambarka a wata waya sai ya kawo ta bayan ta SMS. Ba ta dogara da rezo ko agogo ba, kuma manhajar takan tambaye ka ita lokaci-lokaci don kada ka manta, abin da wasu ke jin haushi har su kashe ta. Wajen kunnawa zai nemi adireshin imel, yana kuma barin a tsallake. Kada a tsallake. Wanda ya manta lambar, da imel zai sake ta cikin minti kaɗan. Babu imel, sai ya jira kwana 7. Ga ɗan kasuwar da cinikinsa na Kano da Maraɗi duk a WhatsApp yake, mako guda ba wasa ba ne. Wannan kwana bakwai ɗin dai su ne suke cin wanda bai kunna ba: ɓarawo yana shiga yake sa tasa lambar. Idan ka sake rajista da SMS za a fitar da shi nan take, amma kai ma za ka iya zaman jira har wa'adin ya cika.

Inda makullin nan ba ya kaiwa shi ne na'urorin da aka haɗa. WhatsApp yana barin a jona har na'ura huɗu da asusu ɗaya, kuma wanda ya riƙe wayarka a buɗe na ɗan lokaci zai iya jona tasa ya riƙa karanta komai, kai kana ci gaba da amfani ba ka sani ba. A riƙa leƙa Appareils connectés, duk abin da ba a gane ba a cire. Su kuma GB WhatsApp da ƴan uwansa da ake turawa ta Xender, ba daga kamfanin suke ba, sa musu lambar sirri kamar ba wa baƙo ajiyar mabuɗi ne.

Akwai ramin da SMS da Authenticator duka suke faɗawa. Shafin bogi mai kama da na Facebook, wanda aka yi talla da shi cewa ana raba mega kyauta ko ana ɗaukar ma'aikata, zai nemi kalmar sirri, sannan ya nemi lamba shida, ya miƙa su ga shafin gaskiya kafin daƙiƙa talatin su cika. Lambar ba ta san a ina aka rubuta ta ba. Abin da ya toshe wannan shi ne ɗan mabuɗin ƙarfe irin YubiKey, wanda yake duba adireshin shafin da kansa, ya ƙi amsawa idan ba na gaskiya ba ne. Google ya faɗa a 2018 cewa tun da ya wajabta wa ma'aikatansa sama da 85,000 irin wannan mabuɗi a farkon 2017, ba a samu wanda aka sace wa asusun aiki ta shafin bogi ba. Amma mafi arha a cikin na YubiKey ya kusa dalar Amurka 30, sama da jika goma sha biyar kafin kuɗin kawowa, ana son biyu saboda ɓata, ba a samunsa a kasuwar gari, kuma sai wayar tana da NFC, wato tana karanta mabuɗin idan an kara shi a bayanta, ko ramin USB-C da ya dace. Wannan na ofisoshi ne da masu riƙe da kuɗin jama'a.

Wanda ya fi kusa da talaka shi ne abin da wayoyi suke kira Clé d'accès, wanda Google ya buɗe wa kowa a 2023, WhatsApp ma ya kawo shi Android a ƙarshen wannan shekarar. Aikinsa irin na ɗan ƙarfen ne, sai dai a cikin wayar yake, ana buɗe shi da zanen yatsa ko lambar kulle allo. Kyauta ne, kuma shafin bogi ba ya cin sa. Sharaɗinsa shi ne wayar ta zama taka kai kaɗai. A gidan da maigida da uwargida da yara suke amfani da waya ɗaya, kowa ya san zanen da ake ja a buɗe allo, duk wanda ya san zanen nan ya riƙe mabuɗin Gmail ɗin ke nan. A irin wannan gida a bar Clé d'accès, a kunna lambar WhatsApp da imel, takardar lambobi goma kuma ta tafi cikin akwatin da yara ba sa buɗewa.